Gajeriyar Kaba: Iri Ɗaya, Gari Daban-Daban

 

'Yar'uwa, in kina bin manyan titunan garuruwanmu, na san kin lura da yadda masu sayar da shuke-shuken ado suka yawaita, sun jera tukwane a bakin hanya gwanin ban sha'awa. Mace takan cire kuɗi masu kauri ta sayi guda ɗaya domin ta ƙawata tsakar gidanta, amma kafin wata biyu sai ganye ya ƙone ko gindi ya ruɓe. Daga nan sai ki ji ta ce ai ita ba ta da hannun shuka, ta haƙura ke nan. Alhali sau da yawa laifin ba na hannunta ba ne. Shukar baƙuwa ce, kuma bayanin da aka ba ta na yadda za ta kula da ita, an tsara shi ne domin mutanen wata ƙasa mai wani yanayi daban. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna a kan wata baƙuwar shuka guda ɗaya da na rena tun daga ƙwallonta, domin abin da za mu gani a kanta zai yi miki amfani a kan sauran, har da namu na gida.

Wace ce wannan shuka?

Ni dai gajeriyar kaba nake kiranta, saboda duk wadda ta san kaba, da ta ga ganyenta za ta ce danginsu ɗaya. Ganyen a baje yake kamar mafici, kuma sandar da ke riƙe da shi tana da ƙayoyi masu kaifi a gefe da gefe. Ba ta miƙewa sama kamar giginya. Takan yi 'ya'ya a gindi ta zama cunkus, kuma ko ta tsufa tsawonta bai cika wuce mita 2 zuwa 5 ba. Masana tsirrai suna kiranta Chamaerops humilis, sunan da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Liniyas, ya tabbatar mata a shekarar 1753. Ma'anar sunan kuwa ita ce ɗan kurmi mai zama kusa da ƙasa.

Asalin gidanta shi ne yammacin tekun Bahar Rum: Maroko da Aljeriya da Tunisiya ta ɓangaren Afirka, sai Sifen da Fotugal da Italiya da kudancin Faransa ta ɓangaren Turai. A duk dangin dabino da giginya, babu wadda ke fitowa da kanta a daji can arewacin duniya kamarta. Akwai kuma wani nau'inta a kan duwatsun Atlas na Maroko mai ganye ruwan toka da ɗan shuɗi-shuɗi, wanda ya saba da sanyin kan dutse. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne, mutanen Maroko da Aljeriya suna kiranta dum, wato sunan da Larabawan Masar da Sudan suke kiran gorubarmu da shi. Kuma aikin da muke yi da kaba shi suke yi da ita: tabarma, kwando, igiya, tsintsiya da malafa. Tun daga ƙarni na 19 ana sarrafa ganyenta a Aljeriya da Maroko ya zama zare mai kama da gashin doki, ana kai wa Turai domin cusa katifu da kujeru, har zuwa lokacin da katifar soso ta zo ta kashe kasuwar.

Ƙanena ne da ya yi karatu a birnin Fas ya samo mini ƙwallayenta daga wurin masu sayar da iri. A nan bari in ja hankalinki, shigo da iri ko shuka daga wata ƙasa yana da doka da takardar izini, kuma dokar tana da dalili. Ita kanta wannan shuka, wani malam-buɗe-littafi da ya shiga Turai daga Kudancin Amurka a cikin itatuwan da aka yi safara, tsutsarsa tana nan tana cinye mata zuciya a Faransa da Sifen da Italiya. Saboda haka a bi ta hanyar da ta dace. Da irin ya iso hannuna sai na kasa shi uku. Na riƙe kashi ɗaya a nan Kano, na aika wa yayata da ke aure a Jos kashi ɗaya, na ukun kuma na ba wata ƙawata da muka yi kwaleji tare, wadda ke zaune a Agege ta Legas. Iri ɗaya ne, daga leda ɗaya, amma labarin da ya biyo baya uku ne.

Abin da bai canzawa ko'ina kike

Kafin mu zo kan bambancin gari, ga abin da kowa za ta yi. 'Ya'yan wannan shuka kamar ƙananan dabino suke, in sun nuna sukan yi ja-ja ko ruwan ƙasa, kuma suna da wani wari kamar na man shanun da ya daɗe. Warin nan shi ke jawo yanyawa da wasu namun dawa su ci, su je su kayar da ƙwallon a wani wuri tas babu tsoka a jikinsa. To, aikin da cikin dabba yake yi shi za ki yi da hannunki. Ki kankare tsokar gaba ɗaya, domin tana jinkirta tsiro kuma tana jawo fumfuna. Sannan ki jiƙa ƙwallayen a ruwa mai ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu, kina sauya ruwan kullum. Waɗanda suka taso sama suna yawo galibi babu komai a cikinsu. Kuma ki sani, sabon iri ya fi wanda ya shekara a ajiye saurin tsira.

Ƙasar da za ki zuba ta zama mai saurin tsanewa. Ni rairayi mai tsabta nake haɗawa da ruɓaɓɓen taki, rairayin ya fi yawa. Kada ki sa ɗanyen kashin dabbobi, yana ƙona saiwa kuma yana gayyato gara. Tukunyar ta zama mai zurfi, a huda gindinta. Ki binne ƙwallon kamar zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ki riƙa yayyafa ruwa yadda ƙasar za ta zauna da danshi irin na tsumman da aka matse. Ɗumin da irin ya fi so shi ne digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin salshiyas. In ya samu haka, yakan tsira tsakanin wata ɗaya zuwa uku, amma ba tare suke fitowa ba, wani sai ya ƙara watanni bayan 'yan'uwansa.

Dalilin zurfin tukunya kuwa, ke da kika san muruci ba sai an yi miki dogon bayani ba. Kin ga yadda ake binne ƙwallon giginya, ya tura wani abu can ƙasa ya yi kauri, tun ba a ga komai a sama ba? To, ita ma gajeriyar kaba ƙasa take fara nufa, sai dai nata siriri ne. Makonni za su wuce tukunya tana nan kamar babu rai a cikinta, alhali aiki ake yi a ɓoye. A nan ne mata da yawa suke kifar da tukunya su ce iri ya mutu, a nan ne kuma yara suke tonawa domin su ga ko ya fito, su karya saiwar. Ki ɗora tukunyar inda hannunsu ba ya kai. Sannan in ganyen farko ya fito kada ki cire shi da sunan ciyawa, domin siriri ne dogo kamar ganyen gero. Maficin nan mai kyau sai shuka ta yi shekara biyu ko uku take fara nuna shi.

Abin da ke canzawa

Ga babban sirrin da na so ki riƙe. A ƙasashen Bahar Rum, ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take ƙamas. Mu a nan akasin haka ne: ruwanmu yana zuwa da ɗumi, sanyinmu kuma da bushewar hunturu. Wato shukar ta saba da zafi marar ruwa da kuma ruwa marar zafi. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne zafi da ruwa a haɗe, kuma wannan shi ne daminarmu. In kin gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Mu fara da ƙasashen sanyi kamar Ingila, domin yawancin bayanan da ake bugawa a jikin ledar iri daga irin waɗannan wurare suke fitowa. Su matsalarsu rashin ɗumi ce. Shi ya sa suke sa irin a cikin leda da ɗan danshi, su ƙulle, su ajiye kusa da tukunyar dumama ruwa ko a kan wata shimfiɗar lantarki mai ba da ɗumi. Shi ya sa kuma za ki ga an rubuta cewa a sa shukar inda rana ta fi bugawa. Babbar shuka tana jure sanyi har wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, ana ma dasa ta a waje a kudancin Ingila, amma ƙaramar sai an ɓoye ta a ɗaki a shekarunta na farko. To, ki ɗauki wannan shawara ta leda ƙulle da rana tsaka ki yi aiki da ita a Kano ko Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Ai dafa irin za ki yi, ba shukawa ba.

Ni a Kano da kaka na shuka nawa, bayan ruwa ya ɗauke, kafin sanyi ya kankama. Na yi amfani da tukunyar ƙasa maimakon baƙar leda, domin baƙar leda tana zuƙar rana, ita kuwa tukunyar ƙasa tana sanyaya abin da ke cikinta kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Na ajiye a ƙarƙashin rumfa inda hasken safiya kawai yake shiga. Na farko ya leƙo a mako na bakwai. Da hunturu ya shigo, dare ya riƙa yin sanyi, sai sauran suka yi shiru, ba su motsa ba sai da gari ya fara ɗumi a ƙarshen Fabrairu. Iskar hunturu tana busar da tukunya da wuri, saboda haka kullum da yamma nakan tura yatsa in ji danshin ƙasar. Da bazara kuwa inuwa ce maganin, har sai shukar ta yi ƙwari. In ta girma ba ta tsoron rana, shaida kuwa ita ce ana ƙawata tituna da gidaje da ita a hamadar Arizona ta Amurka, inda zafi yake kai na Sakkwato. Lokacin da na fi sa ido shi ne watan Agusta. In an kwana ana ruwa nakan janye tukwanen zuwa ƙarƙashin rumfa, in ɗora su a kan bulo domin kada gindinsu ya zauna cikin ruwa. Ruwan wanki mai sabulu kuwa ba na bari ya kusance su.

Yayata a Jos ita ce ta fi kowa shan jira. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, dare akwai sanyi, saboda haka irinta ya yi wata huɗu bai ce komai ba. Har ta yi mini waya tana cewa, "Anya ƙanwata, ba duwatsu kika aiko mini ba?" Na ce ta mayar da tukunyar cikin kicin, nesa kaɗan da murhu inda ɗumi yake zama, ta rufe bakinta da leda mai huji. Wato ita dabarar mutanen Ingila ce ta yi mata amfani. Amma daga baya sai ga shi nata sun fi na kowa koren ganye, domin sanyin dare ya yi kama da na gidansu. Abin da take tsaro kawai shi ne yawan ruwan damina, wanda a Jos ya fi na Kano yawa da daɗewa.

Ƙawata ta Agege kuwa ita ta riga mu ganin tsiro, domin Legas ba ta rasa ɗumi dare da rana. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, wasu daga ciki suka ruɓe daga gindi. Garin da ruwan sama yake wuce milimita 1,500 a shekara, ga iska mai laima, ƙasa ba ta samun damar bushewa. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda ta sauya wa ƙasa, ta ƙara tsakuwa da rairayi, ta ajiye su a baranda inda iska take kaɗawa kuma ruwan sama ba ya dukansu, ta kuma rage ban ruwa sosai. Duk wadda ke zaune a wuri mai laima irin wannan, ko Fatakwal ne ko Kumasi, ta san cewa da wahala wannan shuka ta sake jiki a wurinta kamar yadda za ta yi a busasshiyar ƙasa.

Kin ga ke nan, tambayar da za ki yi wa kowace baƙuwar shuka guda biyu ce: yaya garinsu yake, kuma ta ina garina ya saɓa da nasu? Mai sanyi ta nemo ɗumi, mai zafi ta nemo inuwa, mai laima ta nemo iska da ƙasa mai tsanewa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

In lokacin dasawa a ƙasa ya yi, bayan shekara biyu ko uku, ki zaɓi wuri mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da inda yara suke guje-guje saboda ƙayar. Ki kewaye ta domin awaki. Ki kuma sani cewa kamar dabino take, galibi akwai namiji akwai mace, don haka guda ɗaya tilo ba ta cika ba da iri ba. Kada kuma ki yi gaggawar ganin girmanta. A birnin Padoba na Italiya akwai wani lambun nazarin tsirrai da aka kafa a 1545, a cikinsa akwai gajeriyar kaba da aka dasa a 1585, kuma har yau tana raye a cikin ɗakin gilashi. Wanda ya dasa ta ya yi ƙarni huɗu da barin duniya, jama'a kuwa ba su daina zuwa kallonta ba.

Mu waiwayo gida

'Yar'uwa, renon wannan baƙuwa ya sa na ƙara duban 'yar gida da idon basira. Ita gorubarmu ba ta buƙatar rumfa ko leda ko a janye ta daga ruwan Agusta, domin nan ne garinsu. Kabar da muke saye a kasuwa ganyen ƙaramar goruba ce. Da ita ake saƙa tabarma da igiya da mafici, kuma shi kansa lefen da muke ta magana a kai lokacin biki, asalin sunan na kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya a ciki, kafin akwati ya karɓe wurin. A jihar Maradi ta Nijar akwai kwari guda da ake kira Gulbin Kaba saboda yawanta a wurin. Mata da yawa a karkara da saƙar kaba suke sayen sabulu da gishiri, su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Amma ki tambayi masu saƙar, za su gaya miki cewa inda a da suke yanka a bayan gari, yanzu sai an yi tafiya ko an saya. Gari yana faɗaɗa, gonaki suna cin daji. Kuma kabar da ake aske wa ganye kullum ba ta samun zarafin miƙewa ta zama goruba, in kuwa babu babbar goruba babu ƙodagon da zai faɗi ya tsira. Kowa yana yanka, amma da wuya ki ji wanda ya ce ya shuka.

Alhali shuka ta ba ta da tsada. In yara sun gama gwigwiyar goruba, kada a jefa ƙodagon a bola. Ki tara, ki jiƙa shi kwana biyu ko uku, domin ɓawonsa ya fi na baƙuwar tauri nesa ba kusa ba. Ita ba a cika sa ta a tukunya ba, saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa da nisa kuma ba ta son a tumɓuke ta. Kai tsaye za a binne a inda ake so ta zauna, a kan iyakar gona ko bayan gida ko harabar makaranta, a farkon damina lokacin da ƙasa ta jiƙu kuma tana da ɗumi. A sa alama, a kewaye da ƙaya saboda dabbobi, sannan a ba ta lokaci, domin ita ma takan yi watanni kafin ta leƙo. Ki shawarci maigida a kan inda ya dace, ki kuma ba kowane yaro nasa ƙodagon ya binne da hannunsa, ya san cewa amanarsa ce.

Wadda ta samu irin gajeriyar kaba ta gwada, za ta ji daɗinta a tsakar gida, ga ta ba ta cin wuri kuma ba ta shan ruwa da yawa in ta kafu. Wadda ba ta samu ba kuwa, goruba tana nan a kan tiren 'yan talla, kuma damina tana tafe. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya sa albarka a cikin abin da hannuwanmu suka shuka, ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.